Ranar da Nata'ala Ya Zauna Jiran Kira Na Uku

Nata'ala mai kalangu bai taɓa shiga fili a kiran farko ba. Ita ce babbar sana'arsa, kiɗan da waƙar duk a bayanta suke. In ana biki a ƙasar Gwarzo ko ta Kabo aka ɗauko shi, sai ya iso da jama'arsa bayan azahar, ya tura su fili su share masa fage, shi kuwa ya shige zauren wani maƙwabci ya miƙe ƙafa a tabarma, a kawo masa fura da soyayyiyar kaza. Uban biki ya aiko a ce ana jiransa, ya ce a ci gaba da share fage. A sake aikowa, ya ce bai wanke hannu ba. Sai uban bikin ya tako da kansa ya tsaya a bakin zaure, hula a karkace, gumi na bin wuyan babbar riga, sannan Nata'ala zai miƙe yana nishi kamar wanda aka taso daga jinya, ya saɓa kalangu ya nufi fili. Shekara kusan talatin yana wannan wulaƙanci, mutane kuma suna layin a yi musu shi.

A Kwarin Gawo aka haife shi, wani ɗan ƙauye a bayan Dugabau, a gidan makaɗan noma. Ubansa gangar gayya yake kaɗa wa manoma, in kaka ta yi a sallame shi da damin dawa. Nata'ala tun yana saurayi ya raina dami. Ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana bin bayan masu sunkuye ba, masu tsayuwa zai yi wa kiɗa, masu aljihu a gefen riga. Ya ajiye ganga ya ɗauki kalangu, ya tara mutum takwas, shi ne na tara: masu kalangu biyu, mai kuntuku, 'yan amshi huɗu, da sanƙira mai ƙaton baki wanda aikinsa shi ne ya maimaita wa jama'a abin da suka riga suka ji.

Kada a ci haƙƙinsa, yana da baiwa guda ɗaya, kuma ba a maƙogwaro take ba. Muryarsa dai kamar ana jan kwano a kan siminti. Baiwar a ido take. Ya shigo fili ya ɗaga kai ya ga mutum, nan take sai sunan kakan mutumin ya faɗo masa, da gonar da suka yi shari'a a kanta, da shekarar da ya je Makka, da abin da ake cewa ya sayar kafin ya je. In ka kyauta masa, ya tsaya a kan Makka. In ka noƙe, ya gangara kan abin da ka sayar. Bai taɓa zama ya tsara waƙa ba, bai kuma taɓa rera waƙa sau biyu iri ɗaya ba. Amshin ne kawai ba ya canzawa, sauran duk daga fuskokin da ke gabansa yake ɗebo su. Yana alfahari da wannan ƙwarai. Yakan ce mai maimaita waƙa da aku, bambancinsu gashin jela ne.

Babban ɗan amshinsa Maikuɗi ne, mutumin Unguwar Tudu, dogo, marar magana, mai murya irin wadda in ta tashi mata ke daina daka. Shi ke jan sharar fage, shi ke riƙe amshi, shi ke ɗauko waƙa in maigida ya yi nisa cikin zambo ya manta inda ya baro ta. Shekara ashirin da biyu yana tsaye a bayan kafaɗar Nata'ala ta hagu. A cikin shekarun nan ko sau ɗaya Nata'ala bai ambaci sunansa a fili ba. Ya ce ɗan amshi tabarma ne: dole a shimfiɗa ta, amma ba wanda ke gaishe ta.

Burinsa guda ne, bai kuma ɓoye shi ba. Daga Gwarzo zuwa Kabo, har inda harshen mutane ke fara karkata zuwa na Katsinawa, in an ce makaɗi a ce Nata'ala, sauran duk 'yan rakiya. A zamanin da kuɗin mai ke yawo a ƙasa, ya samu abin da yake so. Bikin da bai je ba, sai ka ji ana tambaya ko zawarawa aka aurar.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya shigo. Alhazan da ke tuɓe riga a fili su yafa masa, aka wayi gari suna layin sabulu da madarar gwangwani, suna rufe fuska da hannun rigar. Bikin kwana bakwai ya koma na kwana biyu. Masu wayo suka gano cewa mutum tara suna cin tuwo, rakoda kuwa ba ta ci. Batirin mota ɗaya da lasifika a kan reshen darbejiya sun isa a aurar da 'ya. A lokacin ne wani dillalin kaset ya zo daga Kano da rakodarsa a jaka, ya durƙusa ya gaida Nata'ala, ya roƙi ya bari a ɗauki muryarsa. Nata'ala ya dube shi tun daga takalmi har hula, ya ce shi ba a ɗure shi a gwangwani kamar kifi, ba kuma za a jera shi a tebur tsakanin ashana da maganin sauro ba. Wanda ke son jin Nata'ala, ya aiko sau uku.

Wasu masu goge daga ƙauyen Jama'a, waɗanda yake kira kwaɗin damina, ba su yi wannan jan aji ba. Kafin shekara ta zagayo ana jin su a teburin mai shayi, a tashar mota, a cikin kowace bas mai zuwa Kano. Yaran da ba su taɓa ganin fuskarsu ba sun haddace waƙoƙinsu. Nata'ala ya ce wannan ba suna ba ne, ƙaiƙayi ne, yana bin jiki ya wuce. Abin da ya riƙe shi a waɗannan shekaru ba ƙauna ba ce, tsoro ne. Kaset ba ya kallon idonka ya tuna wa jama'a cewa kakanka ya ci amanar marayu. Nata'ala yana yi. Don haka masu abin ɓoyewa suka ci gaba da gayyatarsa, su kuwa a ƙasar nan ba su taɓa yin ƙaranci ba.

A haka aka lallaɓa har shekarar dubu biyu, aka ƙaddamar da shari'a. Masu yi don Allah suka yi, ba da su ake ba. Amma akwai wasu alhazai da Nata'ala ya san yadda ƙugunsu ke juyawa in kalangu ya yi zafi, waɗanda gemu ya tsiro musu cikin mako guda kamar an zuba masa taki, suka zama shugabannin kwamitin gyaran tarbiyya. A wani biki a Kabo, ana tsakar sharar fage, wasu samari suka zo cikin ladabi suka ce a tattara. Nata'ala yana zaure, cinyar kaza a hannu. Ya aika a kira uban biki. Uban bikin, wanda makonni biyu kafin nan ya je har Kwarin Gawo da goro, ya fito ya rantse a gaban samarin cewa shi bai san wa ya gayyato waɗannan mutane ba. A ranar nan Nata'ala ya koma gida ba tare da ya taɓa fatar kalangu ba, ya kuma bar rabin kaza, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihinsa.

Kiɗa bai mutu ba, cikin gida ya shige. Maza su yi walima a waje, a sha wa'azi da lemo, mata kuwa can ƙuryar tsakar gida su rufe ƙofa su kunna kaset na waƙoƙin fiyano da ake yi a Kano, su cashe har zani ya kwance. Matarsa Uwaliya, wadda ke zuwa irin waɗannan bukukuwa, ita ta warware masa lissafin wata rana yana zaune yana zagin zamani. Ta ce, “Malam, kai fa ƙato ne, ba mai barin ka ka shiga tsakar gidansa. Kaset kuwa a ƙugun zani ake shiga da shi.” Ya ce mata ta ji da tukunyarta. Amma maganar ta zauna. Ya yi shekara biyu yana juya ta, saboda shi ko shawara ba ya amsa ta a kiran farko.

A cikin garin Gwarzo, bayan tasha, akwai wani ɗaki da aka rubuta sitidiyo a ƙofarsa. Mai shi Dachung ne, ɗan wani malamin firamare mutumin Filato da ya yi shekaru yana koyarwa a garin. A Gwarzo aka haifi Dachung, Hausa a bakinsa ba ta da gyara, fiyano kuwa a majami'a ya koya. Yana da kwamfuta ɗaya, janareta ɗaya, da haƙuri mai yawa. Nata'ala ya aika masa Maikuɗi, ba da roƙo ba, da sanarwa: ya amince a ɗauke shi. Waƙar da ya zaɓa ita ce Randar Tsakar Gida, wadda ya fara yi wa wata attajira mai suna Zubaidatu a Kabo shekaru da dama da suka wuce, mata kuma suka riƙe amshinta:

Randar tsakar gida, sanyinki ba na sayarwa ba,
A sha a koma, ke kina nan inda kike.

A ransa ya gama shirya komai. Kaset zai fito da hotonsa, kalangu a hammata, ya shiga kowane gida daga nan har Kano, 'yan fiyano su koma sayar da rake. Dachung ya ba su ranar Talata, daga ƙarfe goma zuwa ƙarfe ɗaya, ya kuma ja kunnen Maikuɗi cewa kada a makara, domin bayan su matan zumunta na wata majami'a a Kabo ne da layi.

Ba su makara ba. Tara da rabi suna ƙofar. Nata'ala ya leƙa ɗakin sau ɗaya, ya ga ko akurkin kaji ya fi shi fili, ya taɓe baki, ya ce wa Maikuɗi su shiga su share fage. Shi kuwa ya haye shagon wani tela da ke kallon sitidiyon, aka ba shi kujera, ya aika a sayo masa fura da tsire.

Goma da 'yan mintoci Dachung ya tsallako da kansa, ya rusuna, ya ce, “Baba, mun shirya, kai muke jira.”

Nata'ala bai ɗago daga kwanon fura ba. Ya ce, “A ci gaba da share fage.”

Dachung ya ɗan tsaya, ya koma. Daga baya ne aka ji yadda aka yi a ciki. Ya tambayi Maikuɗi me Baba ke nufi, Maikuɗi ya ce yana nufin a fara. Ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya rage kawai shi ne bai ƙara da cewa ana komawa kira na biyu da na uku ba, shi da ya san wannan fiye da sunan 'ya'yansa. Dachung kuwa a duniyarsa in mutum ya ce a fara, farawa ake yi. Ya ce ɗakin ba ya ɗaukar fiye da mutum ɗaya, sauran su jira a waje. Ya sa mai kuntuku ya buga sau huɗu, ya ɗauka, ya ce ya gode, na'ura za ta ci gaba da kanta. Sannan ya sa Maikuɗi a gaban makirfo ya ce ya rera yadda waƙar take, don a samu abin ɗora fiyano.

Nan fa abin da Nata'ala bai taɓa sani ba ya fito. Tabarma ashe tana da kunne. Shekara ashirin da biyu Maikuɗi yana tsince baitocin da maigidansa ke watsarwa a filaye ya manta da su, yana zaɓen masu kyau yana adanawa. Ya jero su ɗaya bayan ɗaya, ya cire sunan Zubaidatu da na kowa, ya bar randa ita kaɗai, yadda kowace mace za ta ji da ita ake. Dachung ya cire hannu daga fiyano ya saurara. Sannan ya ce a sake, da gaske. Da aka zo amshi ma bai kira sauran ba. Muryar Maikuɗi ya ninka sau huɗu, Maikuɗi ya yi wa Maikuɗi amshi.

Duk wannan Nata'ala na shagon tela. Ya hango mutanensa bakwai a kan benci ƙarƙashin darbejiya suna cin goro, bai ji kiɗa ba, ya ce a ransa haka aikin nasara yake, ba kai ba gindi. Ya ba tela labarin ranar da wani hakimi ya aiko masa sau biyar. Ya gyara masa yadda ake yanka wuyan riga. Ya ci tsire, ya sa aka ƙaro. Sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce. Ya fara jin haushi, amma haushin mai daɗi, irin na wanda ke tanadin abin da zai faɗa wa yaro in ya zo kira na biyu. Ya tanadi magana har uku, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi. Ba wanda ya zo karɓarsu.

Sai da aka kira azahar, ya ga wata bas ta tsaya, mata goma sha biyu sun sauko cikin atamfa iri ɗaya, sannan ya farga lokacinsu ya ƙare. Ya miƙe ba tare da an kira shi ba, karo na farko tun yana saurayi, ya ratsa matan ya tura ƙofa. Ya tarar da Dachung da Maikuɗi suna zaune suna sauraren waƙarsa, cikakkiya, an gama, an sa mata fiyano kamar amarya da lalle.

Dachung mutumin kirki ne, ya roƙi matan su ba shi minti goma saboda girman Baba. Ya shigar da Nata'ala wani lungu da aka manne bangonsa da kwalayen ƙwai, ya ɗora masa wani abu a kunnuwa, ya rufe ƙofa, ya saki kiɗa. Nata'ala ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki, ya ɗaga kai don ya ga wanda zai fara da shi. Kwalin ƙwai ne a gabansa. Ya juya hagu, kwalin ƙwai. Kwalin ƙwai ba shi da kaka, bai je Makka ba, bai ci gonar kowa ba. Kiɗa ya zagayo wurin shigarsa ya wuce, ya sake zagayowa ya wuce. Bakinsa a buɗe kamar na ɗan tsako. Da ƙyar ya hango Dachung ta wani ɗan gilashi, ya kama shi kamar mai nutso, ya fara yabon ubansa malamin makaranta, mai bulalar da ta gyara 'ya'yan Gwarzo. Daga nan ya maƙale, don bai san kakan Dachung ba, bai ma san sunan garinsu ba. Dachung ya tsayar da kiɗa ya ce Baba ya riga na'ura da taku biyu, kuma wannan baitin ba ya cikin waƙar. Ya ce ba komai, a dawo Talata mai zuwa.

Talata ta zo, Nata'ala bai je ba. Yana jiran Dachung ya tako Kwarin Gawo ya ba da haƙuri. Wata guda bayan nan kaset ya fito a Kano, da hoton Maikuɗi a jiki, ya sa wata hula da kowa ya san aro ce. Kafin damina ta sauka babu tsakar gidan da ba a jin Randa, daga Kabo har Gwarzo, har bas-bas ɗin da ke zuwa Kano. Abin da Nata'ala ya yi shekara talatin yana so ya faru, ya faru daidai yadda ya so, sunan ne kawai ba nasa ba.

Ya kai ƙara gaban dagacin ƙauyensu. Bai nemi komai ba sai abu biyu: a cire sunan Maikuɗi a sa nasa, Maikuɗi kuma ya dawo bayan kafaɗarsa ta hagu inda Allah ya ajiye shi. Aka zauna da hantsi a ƙofar gidan dagaci, liman a dama, dattawa a kewaye, mutanen ƙungiya bakwai a gefe, rabin gari a tsaye. Maikuɗi ya ce shi bai saci komai ba, an ce ya share fage ya share, bai kuma ga wanda ya shigo ba.

Dagaci ya ce to sai an ji kaset ɗin. Liman ya yi gyaran murya ya ce a wannan zamani, a ƙofar gidan shugaba, akwai abin dubawa. Aka yi ta jan magana har aka samu mafita: ba saurare za a yi ba, karɓar shaida za a yi. Aka aika cikin gida a nemo rakoda, aka kuma yi sa'a kaset ɗin yana cikinta tun tuni, ba wanda ya tambayi dalili. Aka karɓi shaida sau ɗaya. Wani dattijo ya ce bai ji baiti na uku da kyau ba, aka sake. Aka sake na uku saboda adalci. Duk fuskoki a murtuke, manyan yatsun ƙafa kuwa suna aiki a ƙarƙashin riguna.

Sannan dagaci ya juya ga Nata'ala ya ce, tunda waƙarsa ce, ya rera ta a ji, ba kiɗa, baki kawai.

Nata'ala ya miƙe yana murmushi. Ga fili, ga fuskoki, abin da ya yi shekara uku yana yunwa. Ya ja amshi, ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan dagaci. Shi ke nan. Randa ta tafi, kakan dagaci ya shigo, wanda ya haƙa rijiyar gabas, ya ciyar da gari shekarar fara. Jama'a suka yi guɗa a zuci, dagaci ya sunkuyar da kai yana jin daɗi. Da ya gama, dagaci ya ce madalla, amma ta kaset ake nema. Ya sake ja. Wannan karon idonsa ya sauka kan Maikuɗi, sai ga dogo mai hular aro, wanda ya ci tuwon gidan mutum shekara ashirin da biyu ya tashi da kwanon. Aka yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Dagaci ya share hawaye ya ce a sake, ta kaset. Nata'ala ya rufe ido don kada ya ga kowa, ya yi baiti ɗaya daidai, na biyu ya ɓace masa, ya buɗe ido yana nema, ya ci karo da liman. Ya fara da sunan mahaifin liman, liman ya ɗaga hannu da sauri ya ce ya isa, shaida ta wadatar.

Aka ce Maikuɗi ya yi tasa. Ya tsaya, hannu a baya, ido a ƙasa, ya rera ta daga farko har ƙarshe, harafi bai kauce ba, har inda yake jan numfashi a kaset nan ya ja. Da ya kai baiti na biyu sai aka ji muryoyi daga bayan katangar gidan dagaci sun ɗauka tare da shi, ƙasa-ƙasa, baiti bayan baiti. Dagaci ya yi kamar kurma.

Sannan ya ce, “Nata'ala, ka yi mana waƙa uku yau, kowace ta yi daɗi, ni da kaina na amfana da ɗaya. Amma ko ɗaya ba ita ce ta cikin akwatin nan ba. Wanda ya iya ta, ga shi nan, mun ji. Amshi naka ne, kowa ya sani, amma Maikuɗi ke yin sa tun ina yaro. Ban ga abin da zan ƙwace in ba ka ba.”

Nata'ala ya ce, “Ranka ya daɗe, kowane baiti a ciki daga bakina ya fito.”

Dagaci ya ce, “To ai da ka riƙe su.”

Aka shafa fatiha. Nata'ala ya kaɗe riga ya kama hanyar gida, kai a sama. A al'adarsa shugaba gaba yake tafiya, jama'arsa a baya, ba ya kuma waiwaye, don waiwaye na mai shakka ne. Yana jin takun ƙafa a bayansa, ya ƙi ƙirgawa. Bai ga lokacin da mutum biyar suka tsaya a gindin tsamiya suna duban juna ba, bai ga sun juya sun bi Maikuɗi zuwa bakin titi ba. Da ya gani ma da ya samu abin dariya, domin a bakin titin ne Maikuɗi ya yi musu bayani cikin ladabi cewa shi yanzu ba ya bukatar kowa, na'ura ke amshi, na'ura ke kiɗa, ya shiga mota ya bar su a tsaye da kalangai a hammata.

A ƙofar gida Nata'ala ya tsaya, har yanzu bai juya ba. Uwaliya ta leƙo ta zaure, ta dubi bayansa, ta ga mai kuntuku wanda ido ɗaya ya rage masa, da sanƙira wanda ba mai ɗauka ko a kyauta. Ta tambaya na mutum nawa za ta zubo.

Ya ce, “Na tara.”

Ta sake duban bayansa, ta dube shi, ta koma ciki. Ta fito da malmala uku a kwano ɗaya ta ajiye. Sanƙira ya buɗe kwanon, ya buɗe baki zai sanar da jama'a abin da aka kawo, ya duba bai ga jama'a ba, ya sa hannu.